Kan Buhu da Gindin Buhu: Amanar da Ke Wuyan Mai Binciken Lafiya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Aliero, a Danwarai ne ko Sabiyal ko Kashin Zama, ya san mai sayen albasa ba ya yarda da kan buhu. Manyan ƙwayoyi masu jan ɓawo da aka jera a sama ba su isa shaida ba. Sai ya cusa hannu ya tono, in zuciyarsa ba ta kwanta ba ya ce a zazzage buhun a ƙasa. Yana da hujja: albasa ɗaya da ta fara ruɓewa a gindi, kafin mota ta kai Legas ko Fatakwal ta shafa wa 'yan'uwanta. Manomin da ya binne ruɓaɓɓiya a ƙasa ya rufe da lafiyayya, sunan abin da ya yi algus, ko da kowace ƙwaya da ke saman buhun daga gonarsa ta fito. Bai buɗe baki ya yi ƙarya ba. Yadda ya jera kayan ne ya yi ƙaryar a madadinsa.

Akwai wani buhun da ake cikawa a ƙauyukanmu a kai shi nesa, mu kuwa ba mu taɓa ganin an zazzage shi ba. Mun san masu cika shi. Sukan zo da farar mota, ko a kan babur idan damina ta ɓata hanya, da waya a hannu. Su gaida mai gari, a haɗa su da ɗan rakiya, su bi gida gida. Yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara 5? Wa ya kwana cikin gidan sauro daren jiya? A ina aka haifi ƙaramin? Me aka shafa masa a cibiya? Mata na amsawa, su kuma suna latsawa. Wata shekara mun ji wata tsohuwa ta tare ɗaya daga cikinsu a bakin zaure, ta ce, "Ɗana, tambayar da kunka yi muna bara, mi ta haifa?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Inna, mu ma aiko mu aka yi." Gaskiya ya faɗa mata. Shi ma bai ga rahoton ba.

Tambayar tsohuwar nan ita ce tamu a wannan rubutu. Wanda ya ɗauki amsoshin mutane, ya gwada wani shiri na lafiya a kansu, ya koma ya rubuta abin da ya gani, wane haƙƙi ne a wuyansa? Ya wadatar a ce duk abin da ya rubuta gaskiya ne, ko kuwa sai ya zazzage buhun har gindi?

Kafin mu yi nisa ya kamata mu bambance bincike iri biyu. Na farko yana tambaya ko magani yana aiki. Na biyu yana tambaya ko maganin, bayan an tabbatar yana aiki, yana kaiwa ga wanda aka yi dominsa, a lokacin da ya dace, a yadda ya dace. Wannan na biyun shi ake kira binciken aiwatarwa, kuma misalinsa na nan a ƙofar gidanmu. A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro duk wata a lokacin damina, a ƙasashen yankin Sahel. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi 75 cikin 100. A Najeriya an fara shi a Katsina a 2013, ya bazu zuwa Sakkwato da Zamfara, yau mu ma a Kebbi mun saba da masu rabonsa.

Sai dai maganin na kwana 3 ne. Ranar farko mai rabo ke bayarwa a gaban idonsa, na rana ta biyu da ta uku kuma a bar wa uwa. To, idan yaron ya amayar da na farkon fa? Idan uwar ta adana sauran don ranar da jikinsa zai yi zafi? Idan tausayi ya sa ta gutsura wa yayansa da ya wuce shekarun? Idan mai rabon, ganin gidaje fal a gabansa ga hadari ya taso, ya miƙa fakitin a zaure ya wuce? A takarda duk waɗannan yara an rubuta cewa an ba su. Tsakanin "an raba" da "an sha" akwai tafiya, kuma a cikin wannan tafiyar ake rasa yara.

Tsohuwar matsala ce. A 1747 wani likitan jiragen ruwan yaƙi na Birtaniya, James Lind, ya gwada lemo a kan matuƙan da ciwon ruɓewar dasashi ke kashewa a teku, ya ga sun warke. Sai a 1795 rundunar ta fara bai wa mutanenta ruwan lemon tsami a matsayin doka, bayan shekara 48. A shekarar 2000 wasu masana biyu a Amurka, Balas da Boren, suka yi ƙiyasin cewa sakamakon bincike kan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya shiga aikin yau da kullum a asibitoci. Mu ma mun ɗanɗana namu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i 5 na ƙwayar cutar. A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta tabbatar da mutuwar mutum 26 daga cutar da ake zaton sanƙarau ce, akasarinsu a Gwandu da Jega da Aliero. Samuwar allura a ƙasa daban, isowarta hannun ɗan Danwarai kafin zafin bazara daban.

Domin toshe wannan giɓi ne binciken aiwatarwa ya zama fanni mai zaman kansa, har aka kafa masa mujalla ta musamman mai suna Implementation Science a 2006. Amma ba a jima ba aka gane cewa rahotannin da ake wallafawa suna da ramuka. A 2008 Paul Glasziou da abokan aikinsa suka ɗauki rahotannin bincike 80 da aka zaɓa saboda muhimmancinsu ga likitoci, suka duba ko likita zai iya karantawa ya maimaita abin da aka yi. A guda 41 bayanin bai cika ba. An ce abu ya yi aiki, ba a faɗi yadda aka yi shi ba.

A ƙasar da ta yi suna da ɗori ba sai an yi dogon bayani kan illar wannan ba. Mai ɗori a Aliero idan zai koya wa ɗansa sana'a, ba ya tsayawa ga cewa a jera kara a ɗaure. Yakan nuna masa iya ƙarfin ɗaurin, da ranar da za a sassauta, da alamar da ke nuna jini ya daina gudana, da irin karayar da ba a taɓawa sai a tura asibiti. Ɗan da aka ba rabin wannan ilimi ya fi wanda bai san komai ba haɗari, domin shi zai yi ƙarfin halin kama ƙafar mutum.

Saboda haka masana suka shiga tsara ƙa'idojin wallafa. Na gwajin magunguna, wanda ake kira CONSORT, ya fito tun 1996. Na binciken aiwatarwa kuwa sai a 2017, lokacin da Hilary Pinnock ta Jami'ar Edinbara da abokan aikinta suka fitar da StaRI a mujallar likitoci ta BMJ. Jeri ne na abubuwa 27 da ake son mai rahoto ya bayyana. Zuciyarsa ita ce a raba zare biyu, a bi kowanne daban: abin da aka kai wa mutane, da dabarar da aka bi wajen kai shi. Daga nan yana neman a faɗi yanayin wurin da aka yi aikin, da yadda aka bi tsarin sau da ƙafa ko aka kauce masa, da gyare-gyaren da aka yi a tsakiyar tafiya, da kuɗin da aka kashe, da illolin da ba a yi niyya ba, da wanda ya ba da kuɗin binciken. A taƙaice, a zazzage buhun.

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar malaman jami'a ce, ina ruwan mai noman albasa. Labarai biyu za su nuna ruwansa.

Na farko na jariran da ake haifa bakwaini ne. Tun shekarun 1970 aka san cewa idan aka yi wa mai ciki wata allura kafin ta haihu ba a kan lokaci ba, huhun jaririn kan ƙosa da wuri, ya fi samun damar rayuwa. A manyan asibitocin Turai da Amurka allurar ta ceci rayuka masu yawa. Sai aka ce a kai ta ƙauyukan ƙasashe matalauta. Aka yi gagarumin gwaji a Ajantina, Gwatamala, Indiya, Kenya, Pakistan da Zambiya, wanda ya shafi haihuwa kusan 100,000. Aka horar da ma'aikata, aka raba musu allurar, amfani da ita ya ƙaru sosai. Ta fuskar aiwatarwa shirin ya yi nasara. Amma da aka ƙirga gawawwaki, sai aka ga jarirai sun fi mutuwa a inda aka kai shirin: kusan 27 cikin 1,000, alhali a inda ba a kai ba kusan 24 ne. Babban abin da ake zargi shi ne, inda babu na'urar hoton ciki ba a iya tantance watannin ciki daidai, sai aka yi ta yi wa matan da cikinsu ya kusa cika allurar da ba su buƙata, ga shi kuma babu ɗakin kula da jarirai. Masu binciken, ƙarƙashin Fernando Althabe, suka wallafa wannan sakamako mai ɗaci a mujallar Lancet a 2015. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya sharuɗɗa kan inda za a riƙa yin allurar. Aka sake gwaji a asibitoci 29 na ƙasashe 5, har da Najeriya, inda ake iya auna ciki a kuma kula da jariri, sakamakon ya fito a 2020, allurar ta rage mutuwa. Allura ɗaya ce. Wurin ne ya bambanta. Da masu gwajin farko sun tsaya ga cewa sun horar da ma'aikata kaza, amfani da allura ya ninka, da ba su faɗi ƙarya ko ɗaya ba, kuma da wataƙila yau ana yin ta a kowane ƙaramin asibiti daga Jega har Maiyama.

Na biyu ya fi kusa da mu. Akwai maganin shafawa a cibiyar jariri mai suna kulohekzidin. Gwaji a Nepal a 2006, da Bangaladash da Pakistan a 2012, ya nuna yana rage mutuwar jarirai a wuraren da ake yawan haihuwa a gida. Sakkwato ce jiha ta farko a Najeriya da ta rungumi raba shi ga al'umma a 2013, kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya san abubuwan da ake shafa wa cibiya a gidajenmu. A 2016 gwaji biyu a Zambiya da tsibirin Pemba na Tanzaniya ba su ga raguwar mutuwa ba, suka wallafa haka, aka ƙara fahimtar inda maganin ya fi amfani. Sannan wani abu ya ɓullo da gwaje-gwajen farko ba su hango ba. Mazubin maganin ya yi kama da na maganin ido. Iyaye, wani lokaci har ma'aikata, suka riƙa ɗiga shi a idon jarirai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa tun daga 2015 an samu rahoton irin wannan kuskure fiye da 40 a ƙasashe 9 na Afirka, wasu yaran har sun makance. Maganin lafiyarsa ƙalau. Kwalbar ce, da rubutun da uwa ba ta iya karantawa, da bayanin da aka yi a gurguje. Irin waɗannan su ne gindin buhu, kuma su ne rahoton da ke neman yabo ya fi saurin tsallakewa.

A nan ne maganar ta tashi daga fasaha ta koma ɗa'a. Malamanmu na zaure sun san wata kalma a babin ciniki, tadlisi, wato ɓoye aibin kaya ga mai saye. Fiƙihu ya bai wa mai sayen damar mayar da kayan idan aibin ya bayyana. Malaman hadisi suka ari kalmar suka ɗora wa mai ruwayar da ke lulluɓe rauni a cikin isnadi, ya ambaci malamin da ake girmamawa ya tsallake wanda ake shakka. Ba su sa shi sahu ɗaya da maƙaryaci ba, amma sun ƙi karɓar ruwayarsa sai ya fayyace daga bakin wa ya ji. Sun gane cewa ana iya ɓatar da mutum da zance wanda kowace kalmarsa gaskiya ce. Ƙa'idojin wallafa na zamani, idan aka cire musu rigar Turanci, wannan tsohuwar fahimta ce: faɗi daga ina ka samo, faɗi abin da ka tsallake.

Bambancin shi ne, mai sayen albasa yana iya dawo da buhu. Kwamishinan lafiya da ya karanta rahoto mai ƙyalli ya zuba kuɗin jiha a shirin da ba zai yi aiki a ƙauyukansa ba, ba shi da wanda zai mayar wa. Kuɗin da ya tafi can, an hana shi wani abu ne: albashin ungozoma, ko gyaran firjin allura. Wanda zai biya kuwa bai san an yi cinikin ba.

Muna ganin bashin da ke kan mai bincike ya kasu. Akwai na wanda zai kwaikwaye shi a wani gari, wanda ke buƙatar sanin cewa shirin ya yi nasara ne saboda ana biyan masu sa kai alawus duk wata, ga mota da mai, ga mai duba aiki da ke zuwa kowane mako, abubuwan da za su ɓace ranar da tallafi ya ƙare. Akwai kuma na mutanen da aka yi binciken a kansu. Matar da ta bar dakanta ta zauna amsa tambayoyi, ta faɗi yaranta nawa suka rasu, ta ba da wani abu mai nauyi, kuma ta ba da shi ne bisa zaton zai amfani wani. Idan aka kulle sakamakon a durowa saboda bai yi daɗi ba, an karɓi sadakarta an zubar. Sanarwar Helsinki, wadda ƙungiyar likitocin duniya ta fara fitarwa a 1964 take kuma sabuntawa, ta wajabta a fitar da sakamako ko da ya nuna abu bai yi aiki ba, ta kuma ce a bai wa mahalarta damar sanin abin da aka gano. Ke nan tsohuwar da ta tare yaron nan a bakin zaure haƙƙinta take nema.

Amma kada mu yi wa kanmu irin algus ɗin da muke suka. Akwai maganganu masu nauyi a ɗaya ɓangaren.

Wani zai ce, a ƙasar da jita-jita ta fi mota gudu, fallasa gazawar shirin lafiya tamkar miƙa wa masu hana rigakafi makami ne. Ba mu manta 2003 ba, lokacin da aka dakatar da allurar shan-inna a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta dawo ba sai a tsakiyar 2004, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Tsoron gaskiya ne. Sai dai mu tambayi kanmu abin da ya ba jita-jitar taki. Cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambata har da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, a kan yara kusan 200, inda 11 suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Yawancin mutane ba su ji labarin ba sai da wata jaridar Amurka ta tono shi a shekarar 2000. Abin da mutum ya ji daga bakinka yana iya yafewa. Wanda ya tsinta a bayan idonka shi ke zama dafi, har ya shafi allurar da ba ta da laifi.

Wani kuma zai ce, su wa suka rubuta ƙa'idojin nan? Akasarinsu masana ne a ƙasashe masu arziki, da Turanci suka rubuta, kuma mujallun da ke neman a bi su sukan caji dubban daloli kafin su wallafa, sai dai in an yi wa marubuci rangwame. Malamin jami'a a Aliero da ke bincike da albashinsa, ko malamar kwalejin kiwon lafiya a Jega, ya za su yi da jerin abubuwa 27? Akwai gaskiya a wannan ƙorafi, kuma tsadar wallafa zalunci ne da ya kamata a ci gaba da yaƙa. Amma idan aka duba jerin da kyau, yawancin abin da yake nema ba kuɗi yake ci ba. Faɗin cewa firji ya lalace wata 2, ko cewa maza sun hana a shiga gidaje sai da liman ya sa baki, ko cewa an koma yin rabo da yamma saboda mata na gona da safe, ba ya buƙatar dala. Hasali ma a nan ɗan gida ya fi baƙo, domin shi ya san dalilin da ya sa ranar kasuwar Jega ba ranar samun mutane a gida ba ce. Ƙa'idar da ta ce a bayyana yanayin wuri ta ɗaga darajar ilimin da muke da shi, wanda a da ake ɗauka hira ce kawai.

Magana ta uku ta fi damun mu. Gaskiya tana da farashi, kuma ba babban farfesa ke biya ba. Idan rahoto ya ce a wani asibitin ƙauye an cika rajista da sunayen yaran da ba a gani ba, kowa a ƙaramar hukumar ya san ma'aikacin da ake nufi, ko ba a ambaci sunansa ba. Shi za a yi wa canjin wurin aiki, alhali wataƙila an ɗora masa adadin da ba ya cikuwa ne, aka ce alawus ɗinsa na rataye da shi. Haka ƙungiyar da ta rubuta cewa shirinta bai yi tasiri ba tana iya rasa tallafin baɗi, ta sallami direbobi da masu shara. Muddin mai ba da kuɗi yana saka wa labari mai daɗi yana hukunta mai ɗaci, to shi ne ya fara jera kan buhun, ko da wani ne ya ɗinke bakinsa. Don haka amanar ba ta tsaya kan mai riƙe da alƙalami ba. Tana kan mai tallafi, da editan mujallar da ke ƙyamar sakamakon da ba shi da armashi, da jami'in gwamnati da ba ya son jin komai sai kashi 95 cikin 100. Kuma wajibi ne mai rahoto ya bayyana gazawa ta hanyar da za ta nuna tsarin da ya haife ta, ya kare ƙaramin ma'aikacin da ya amince ya faɗa masa gaskiya.

Akwai kuma haɗarin da ke bin kowace ƙa'ida: ta zama al'adar cika takarda. Mutum na iya sa alama a gaban abu 27 ɗin nan duka, ya rubuta jimla ɗaya maras gishiri a ƙarƙashin kowanne, buhun ya fito da hatimi alhali ruɓar na nan. Jeri ba ya sa mutum ya zama mai gaskiya. Abin da yake yi shi ne ya rage wuraren ɓuya, ya kuma bai wa mai karatu bakin tambaya. Sauran aikin na zuciya ne, da na jama'ar da ta koyi cusa hannu.

Yanzu haka ana cika wani sabon buhu a jiharmu. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi na ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, adadi mafi yawa a Najeriya, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka zaɓi Kebbi da Bayelsa don fara allurar rigakafin zazzaɓin, mai suna R21, a watan Disamba na 2024. Sau 4 ake yin ta: a wata 5, da 6, da 7, sai ta ƙarshe a wata 15. Duk uwar da ta yi goyo ta san inda gizo ke saƙar. Zuwa uku a jere, sannan a dawo bayan wata 8, lokacin da yaro ya fara tafiya, wataƙila wani cikin ya shiga, wataƙila damina ta yanke hanya. Sauran jihohi na jiran darasin da za a koya a kanmu. Za a rubuta rahotanni, za a wallafa maƙalu.

Abin da muke roƙo ga masu rubuta su ba shi da yawa. Idan an faɗi yaran da suka karɓi ta farko, a faɗi waɗanda suka kai ta huɗu, a kuma bi sawun waɗanda suka ɓace a tsakani a ji dalilinsu. A rarrabe cikin gari da ƙauye, kada a narkar da Danwarai cikin alƙaluman Birnin Kebbi. A faɗi abin da aka kashe da wanda ya biya, da abin da zai rage idan ya janye. A sa sunayen 'yan jihar da suka yi aikin cikin marubuta, a ba su damar faɗin abin da suka gani. Sannan a ƙara abu na 28 wanda jerin bai ƙunsa ba: a dawo. A zo fadar hakimi, ko harabar asibiti ranar awo, ko gidan rediyo, a faɗa da Hausar da Inna za ta gane, ga abin da muka tambaye ku, ga abin da muka samu, ga inda muka gaza.

Mu ma akwai namu. Idan masu waya a hannu suka sake sallama a zaurenmu, mu karɓe su da mutunci, mu faɗa musu gaskiya ko da ba ta yi mana kyau ba, domin uwar da ta ce yaro ya shanye magani alhali yana ƙarƙashin katifa ita ma ta sa ruɓaɓɓiya a gindin buhu. Sannan kafin su tashi mu tambaye su wa ya aiko su, ina za a kai amsar, yaushe za mu ji sakamako. Kansila ya tambaya, liman ya tambaya, ɗalibin jami'a da ya zo hutu ya nemi rahoton a intanet ya karanta wa mutanen unguwa. Mutanen da ba a taɓa sayar musu da albasa a rufe ba, bai kamata a riƙa sayar da labarin 'ya'yansu a rufe ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ba masu riƙe da amana ikon sauke ta.